Inuwar Durumin Gwaggo Hansai

Ku gyara zama, jama'a. Kai mai waya, sa ta a aljihu, don idan na gama kowa sai ya faɗi nasa, kuma ba zan karɓi "ai duk ɗaya ne" daga bakin kowa ba.

A wani gari da ke bakin hanyar mota an yi wata tsohuwa, sunanta Gwaggo Hansai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watse birni. Abin da ya rage mata a duniya shi ne ɗakinta mai rufin kwano, da akuyarta, da wani ƙaton durumi a ƙofar gida wanda surukinta ya dasa tun ba a haife ta ba. Durumin nan manyan rassa uku gare shi. Ɗaya ya miƙe gabas, ɗaya ya rufe hanya, ɗaya kuma ya tsallake katanga ta yamma ya kwanta a saman ɗakin Gwaggo.

A garin nan rana ba ta da mutunci, saboda haka inda inuwa take nan ciniki yake. Abokai uku ne suke sana'a a ƙarƙashin durumin tun suna samari: Sallau wanzami, da Nomau mai faci, da Ilu mai shayi. Gwaggo ba ta taɓa karɓar komai a hannunsu ba. Abin da take so kawai a gaishe ta, a cika mata randa, kuma idan tana faɗa a yi shiru har ta gama.

Wata rana da damina Sallau yana yi wa wani mutum aski. Mai sanƙo ne ma, aikin bai wuce gefe-gefe ba. Ya gama, ya shafe kan tas har yana ɗaukar ido. Ya juya zai wasa aska, da ya waiwayo sai ya ga farin gari a tsakiyar sanƙon.

Ya ce, "Malam, kana da amosani fa."

Mutumin ya ce, "A ina? A gashin da ba ni da shi?"

Sallau ya hure, ya goge. Kafin ya rufe baki wani garin ya sake sauka. Sai ya ɗaga kai, ya ga reshen da ke samansu duk 'yan ƙananan ramuka kamar an bi shi da basilla, daga nan garin yake zubowa.

Ranar Sallau bai ƙara taɓa kan kowa ba. Ya yi ta kewaya durumin. Ya ga wani abu kamar naman kaza, mai tauri, mai faɗin faifai, ya fito a gindi. Ya ga ɓawo yana ɓamɓarewa kamar yaɓen tsohuwar katanga. Ya ga reshen da ke kan hanya babu ganye a ƙarshensa, alhali ga ruwa ana yi. Ya ɗauki ƙahonsa ya ƙwanƙwasa jikin itacen. Ta gabas ya ji ƙwas-ƙwas, ta ɗaya gefen ya ji dum-dum kamar ganga. Ya samo karan dawa ya zura a wani rami, karan ya shige gaba ɗaya, ya fito da baƙin abu mai wari da gwano a jiki.

Da ya faɗa wa abokansa, Ilu ya yi dariya har ya zubar da shayin wani. Nomau ya ce, "Rami ne kawai? Bari in yi masa faci." Da ya faɗa wa Gwaggo, ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Durumin da ya ga bikin uwarka? Kai ne za ka riga shi faɗuwa, ɗan nan."

Amma Sallau bai yi shiru ba. Duk wanda ya zauna gabansa sai ya ji labarin. Zai ɗora aska a maƙogwaron mutum, ya ɗaga kai sama, ya ce, "Allah dai ya sa mu gama kafin ya faɗo." Mutane suka riƙa tashi da rabin gemu. Aka sa masa suna Sallau mai baƙin baki, mata suka daina kiransa ranar suna, shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da faɗa a masallaci da kasuwa har sai da maganar ta zama abin da garin yake kwana da shi yake tashi da shi.

Sai dai akwai inda ya kuskure. A ganinsa reshen kan hanya ne zai faɗo, tunda shi ne ya bushe. Don haka ya kwashe kayansa ya koma yamma, ya kuma roƙi Gwaggo ta matsar da tabarmarta jikin katanga, ƙarƙashin reshen yamma mai koren ganye shar. Wannan kaɗai ta yarda da shi, don ya fi kusa da ƙofarta.

Daga nan masu shawara suka yi yawa. Wani ya ce a cika ramin da siminti. Wani ya ce aljanu ne suka yi fushi, a yanka musu akuya, ya ɗan saci kallon ta Gwaggo, ta bi shi da sanda. Wani mai sayar da katako ya zo ya kewaya itacen yana lashe baki, ya ce shi don Allah zai sare shi duka, ba sai an gode masa ba.

Nomau kuwa ashe da gaske yake. Ya yanko tsohon tub ɗin mota ya rufe ramin, ya buga ƙusoshi, ya ja baya yana yaba aikinsa. Da aka yi ruwa mai yawa sai facin ya kumbura kamar cikin wanda ya ci tuwon biki. Ya je ya ɗan ɗaga gefe don ya ga abin da ke ciki, baƙin ruwa mai ɗoyi ya feso masa daga hula har takalmi. Ya tsaya yana ɗiga, ya ce, "Abin da faci ya kasa, ya fi ƙarfin mutanen garin nan."

Dama ya taɓa ji daga wani direba cewa a hedikwatar ƙaramar hukuma akwai wata ma'aikaciyar gandun daji da ta karanci ciwon itatuwa kamar yadda likita ya karanci na mutane. Ya rufe sana'arsa ya hau babur. Rafi ya kawo, ya shiga ruwa iya ƙirji yana tura babur ɗin. A ofis aka ce tana wurin rainon itatuwa. A wurin raino aka ce ta tafi wani ƙauye. A ƙauyen aka ce yanzun nan ta koma ofis. Ya kwana a tasha da rigar da bai canza ba, har masu kwana kusa da shi suka tashi suka bar masa benci shi kaɗai.

Da safe ya same ta. Malama Zulai sunanta, gajeriyar mace mai tabarau, da takalmin roba a ƙarƙashin zane. Ta saurare shi tana murmushi har ya zo kan abin nan mai kama da faifai, da reshen da ke saman ɗakin kwana. Nan murmushin ya ɗauke. Ta ce, "Malam Nomau, da so samu ne yau zan je. Amma tsani da kayan aikina ba za su hau babur ba, ga motar can, tayoyinta sun kwanta."

Nomau ya leƙa ya ga motar, ya naɗe hannun riga ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ciwon kuma ni ne likitansa." Ya yi faci, ya yi faci a kan faci, ya ba su iska da famfon hannu har kafaɗunsa suka daina jin magana. A hanya motar ta kafe a taɓo, ya sauka ya tura. Lokacin da suka shigo gari idanunsa kaɗai ake gani, har matarsa ta tambayi Malama Zulai ina ta baro mijinta.

Jama'a suka taru suna jiran su ga zarto. Sai ta fito da wata 'yar guduma ta roba, da dogon siririn ƙarfe, da tsani. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo tukuna, sannan ta fara. Ta bi jikin itacen tana bugawa tana kasa kunne. Ta tona gindi ta duba saiwoyi. Ta sa Ilu ya riƙe mata tsani ta hau har inda rassan suka rabu. Ba ta yi gaggawa ba, har masu kallo suka fara hamma.

Da ta sauko ta ce, "Wa ya buga waɗannan manyan ƙusoshin?" Sallau, wanda a jikinsu yake rataye madubi da zabira, ya shiga kallon gajimare. Ta ce, "Wa ya ɗaura wannan sarƙar da ɓawo ya haɗiye?" Nomau, da yake rataye tayoyi da ita, tari ya kama shi. Ta ce, "Wa yake zuba toka mai zafi da tafasasshen ruwa a kan saiwa?" Ilu ya ce, "Jama'a, akwai mai shan shayi?"

Ta ce tsufa ne babban dalili, amma kowannensu ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Sannan ta yi bayani dalla-dalla. Gangar jikin tana da kogo, amma ɓangaren gabas da reshensa lafiya lau suke, don haka ba sai an sare durumin ba. Kada a zuba siminti, danshi zai riƙe ya ƙara ruɓar da shi. Reshen kan hanya yana mutuwa, dole a sauke shi, amma zai ɗan jira. Abin tsoro shi ne na yamma. Ta ce kada koren ganye ya ruɗe su, reshe yana iya shan ruwa ta fatarsa alhali cikinsa ya zama gari. Ga tsaga a inda ya haɗu da uwar, ga ƙarfenta ya nutse har maƙura bai taɓa itace mai ƙwari ba. Iska mai ƙarfi ɗaya ta ishe shi. Za ta koma ta zo da masu sara da igiyoyi, kafin nan kada wanda ya zauna a wurin, kada wanda ya kwana a ɗakin.

Sallau ya dubi tabarmar Gwaggo, ya dubi reshen da ke samanta, ya tuna wanda ya sa ta matsa can. Sai ya nemi wuri ya zauna.

Kowa ya kwashe kayansa, ban da Gwaggo. Malama Zulai ta sake durƙusawa ta ce, "Iya, don Allah ki koma maƙwabta na ɗan lokaci." Gwaggo ta ce, "'Yar nan, kin yi karatu, Allah ya yi albarka. Amma a ɗakin nan na haihu, a nan zan mutu. Kuma ko ina so, gwiwoyin nan ba sa kai ni ko bakin rijiya." Mai unguwa ya roƙa, liman ya roƙa. Ta jingina da katanga, ta ɗora sanda a cinya. Babu wanda ya isa ya ɗauke ta da ƙarfi, don ana tsoron sandar, an fi tsoron bakin. Malama Zulai ta ga idan ta tsaya rafi zai rufe hanya, sai ta tafi neman masu sara, Nomau ya bi ta saboda turi.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa ganye. Sallau yana tsaye daga nesa yana ta magiya, "Gwaggo, don girman Allah ki taso!" Ita kuwa ta ce ya rufe mata baki, ba shi ne ya ce ta zauna a nan ba?

Ilu shi ne ya fi kowa yi wa Sallau dariya a baya. Amma shi ya riƙe tsani, da idonsa ya ga ƙarfen nan ya ɓace cikin reshe kamar an zura shi a kunu. Ya tsaya yana jin reshen yana ƙara ƙiii-ƙiii duk lokacin da iska ta taɓa shi. Sai ya ajiye buta, ya shiga gidan ta ƙarƙashin reshen, ya kwance akuyar Gwaggo, ya saɓa ta a wuya, ya fito ya tsaya a gabanta.

Ta ce, "Kai Ilu, ina za ka kai min akuya?"

Ya ce, "Gwaggo, tunda kin ce mutuwa za ki yi, na ɗauki gadona tun yanzu, kada a zo ana rigima. Mahauci yana jirana."

Jama'a, matar da gwiwoyinta ba sa kai ta bakin rijiya, ban san lokacin da ta miƙe ba. Ilu ya ruga ya nufi kasuwa, ta bi shi. Wahalar da ya sha ita ce awon gudun. Idan ya yi sauri za ta gaji ta koma, idan ya sassauta sanda za ta same shi. Ga akuya tana kuka a kunnensa, ta kuma sakar masa fitsari a wuya. Gwaggo tana ihu, "Ɓarawo! Ɓarawon akuya!" 'Yan kasuwa da ba su san dawan garin ba suka tare gaba. Wani ya sa masa ƙafa, wani ya kai masa mangari, wata mai kayan miya da suka taɓa saɓani ta samu dama ta kwaɗa masa faranti. Gwaggo ta iso tana haki ta sauke masa sanda a tsakiyar ka.

Ta ɗaga za ta ƙara ke nan aka ji ƙara kamar an harba bindiga, ƙasa ta girgiza. Kowa ya waiwaya. Reshen yamma ya tsage daga uwarsa, ya rushe katanga, ya murƙushe ɗakin kamar gwangwani. Tabarmar da take zaune a kai ko gefenta ba a gani.

Gwaggo ta daɗe tana kallo, sanda a sama. Can ta sauke ta a hankali, ta ce, "Ajiye min akuyata." Sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale, ta yi kuka, Ilu yana gefe da ƙulu a ka kamar ƙwan agwagwa. Har yau akwai ƙauyawan da idan sun gan shi sai su ja dabbobinsu kusa.

Malama Zulai ta dawo da masu sara. Suka gyara inda ya tsage, suka sauke reshen kan hanya guntu-guntu da igiya, suka cire abin da zai ciru na sarƙa da ƙusoshi. Ta ce durumin zai rayu idan an daina azabtar da shi, kuma za ta riƙa zuwa dubawa duk damina. Ta ba da 'yan itatuwa aka dasa a gefe, amma ta ce kada su sa rai, inuwarsu ta jikoki ce. Mutanen gari suka yi gayya suka tayar wa Gwaggo da ɗaki.

Sai dai durumin da yake rufe sana'a uku da masu jiran mota, yanzu reshe ɗaya ya rage masa. Inuwarsa da tsakar rana ba ta wuce shimfiɗar mutum ɗaya da abokin cinikinsa ba.

Gwaggo ta ce wanda ya ceci ranta shi za ta ba inuwar. Ta fara yi wa Malama Zulai tayi, ita kuwa ta yi dariya ta ce tana da ofis mai fanka, kuma aikinta ta yi. Sai Gwaggo ta kira abokan nan uku ta ce kowa ya faɗi hujjarsa.

Sallau ya ce shi ya fara gani lokacin da kowa yake dariya. Ya rasa masu aski, ya sha zagi, bai yi shiru ba. Da ya yi shiru, da babu wanda zai je neman kowa. Gwaggo ta ce gaskiya ne, amma kuma shi ya ɗauke ta daga inda babu komai ya ajiye ta daidai inda mutuwa za ta sauka.

Nomau ya ce gani ba tare da sani ba shi ya kusa kashe ta. Shi ya ratsa ruwa da taɓo ya kawo wadda ta nuna reshen gaskiya. Da bai kawo ta ba, da su duka huɗun suna zaune a yamma ranar, suna hararar reshen da ba shi ba. Gwaggo ta ce gaskiya ne, amma da hadarin ya zo yana can yana turin mota, kuma sarƙarsa ce ta shaƙe reshen tun farko.

Ilu ya ce an gani, an sani, an yi bayani da tabarau, amma tsohuwa tana nan zaune. Shi ya shiga ƙarƙashin reshen yana ƙara, shi ya sha duka, shi ya sayar da sunansa a tsakiyar kasuwa. Gwaggo ta ce gaskiya ne, amma da ba don su biyun ba da yana nan yana dariya yana zuba toka, kuma har yanzu ba ta gamsu ba cewa da ta ƙi tashi ba zai wuce wurin mahaucin ba.

Ta ce kanta ya ɗaure, su je su sasanta. Su kuwa abokai ne, kowa yana jin nauyin ya shiga ya bar 'yan'uwansa a rana, kowa kuma ba ya son ya ce ya haƙura. Da na bi ta garin na same su su ukun a bakin inuwar, kowa da kayansa cikin rana tsaka, gumi yana zuba, suna hararar juna suna hira, inuwar tana tsakiya babu kowa a ciki.

To, ga ku ga su. Wanda ya gano ciwon, da wanda ya kawo mai sanin ciwon, da wanda ya tashi tsohuwar daga wurin, wane ne a cikinsu za ku ce ya kwashi kayansa ya shiga inuwar?